Akwai, Kuma da Araha

Duk wanda ya zauna a Yalwawa ta Dutse ya san Ɗayyabu mai dabino, ko da bai taɓa sayen dabinonsa ba, domin muryarsa takan riga shi shiga layi. Shi ya raɗa wa kansa suna Walƙiya, ba rago ba goro, ya kuma sa aka rubuta a bayan babur ɗinsa da jan fenti. A faɗarsa, shi ya fara sayar da dabinon Dutse ta waya tun mutane suna ɗaukar waya abin gaisuwa ce kawai, kuma akwai wani Balarabe a Madina da ba ya buɗe baki da azumi sai da nasa.

To, akwai wata manhajar saye da sayarwa da 'yan kasuwar garin suka runguma, ana ce mata Rumfarka. Ka ɗauki hoton kayanka ka ɗora, mai saye ya turo tambaya, ka amsa, a daidaita. Ana zaune lafiya sai kamfanin ya ɓullo da ma'aunin saurin amsa. Mai amsawa nan take, a manna masa hoton barewa kusa da sunansa, a ɗora shi sama inda kowa zai gan shi. Mai ɗan jinkiri ya samu jaki. Wanda ya daɗe kuwa sai hawainiya, a tura shi can ƙasa inda yatsan mai saye zai gaji kafin ya iso. Abin da ya fi ɓata wa mutane rai shi ne agogon ba ya tsayawa. Kana barci yana ƙirga, kana sallah yana ƙirga, kana kwance asibiti yana ƙirga.

Hajiya Adawiyya mai atamfa, uwar ƙungiyar masu sayarwa ta waya, ta tara mutane a gaban shagonta da yamma. Ta ɗaga wayarta sama.

"Jama'a, ku duba min nan. Da furfurata a kasuwancin garin nan, yau ni ce hawainiya. Wata ce a Kano barci ya ƙi ta, ta turo tana tambaya ko atamfar tana zuba. Da na idar da asuba na amsa mata, sai na tarar har an manna min wannan ƙadangaren mai ido a juye. Tun daga ranar ko mai tayawa ban samu ba."

Kamilu tela, maƙwabcin Ɗayyabu da suke katanga ɗaya, ya ce, "Hajiya, naki da sauƙi. Ni ranar Juma'a na shiga masallaci ina barewa, na fito ina jaki."

Aka yi dariya, amma dariyar takaici. Hajiya ta ce kamfanin zai turo wakiliya Dutse ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, ta saurari koke, ta kuma karrama wanda ya fi kowa saurin amsa a Jigawa. Shawararta ita ce su haɗa baki su nemi abu ɗaya: in mutum ya rufe rumfa, agogo ma ya rufe. Kowa ya ce ya yarda.

Sai Ɗayyabu ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya yi gyaran murya har sau biyu.

"Hajiya, Allah ya ƙara girma, ni dai a cire sunana. Wannan ƙungiyar masu barci ce kuke son kafawa. Kasuwar waya ba ta da ƙofa, ina za ku sa kwaɗo? Ni tun da aka haife ni ban taɓa barin mutum ya jira ni ba."

"Unguwarzoma ta ce kwana biyu ta yi tana jiranka," in ji Kamilu.

"Shiri nake yi! Kai kuma Kamilu, ɗinkin ƙaramar sallah kake bayarwa a babba, ai jakin ma alfarma aka yi maka. Ku rubuta ku ajiye, ranar taron nan ni zan hau mumbari. Barewata ko atishawa ba za ta yi ba."

Hajiya ta dube shi sama da ƙasa. "Ɗayyabu, kai ba ka barci ne?"

"Ina yi, Hajiya. Da ido ɗaya. Ɗayan yana kasuwa."

Washegari da sassafe ya shiga shagon Kamilu da sabuwar hularsa, ya ce a ɗinka masa aljihu a cikinta, daidai girman waya.

"Waya a ka?" Kamilu ya ajiye almakashi. "Ɗan abin da ya rage a ciki ai dahuwa zai yi."

"Kai dai ɗinka. Aljihun riga nisa gare shi. Kafin saƙo ya taso daga cinya ya iso kunne, wani ya riga ni."

Kamilu ya ɗinka, don yana son ganin ƙarshen abin. Ɗayyabu kuma bai tsaya nan ba. Ya ɗauki muryar kansa ya sa ta zama ƙarar shigowar saƙo, yadda ko yana cikin hayaniya zai ji. Duk saƙon da ya shigo, sai hular ta daka tsawa: "Walƙiya, ga ciniki!"

Ranar Juma'a ya tafi masallaci da wuri ya samu sahun gaba-gaba. Liman ya hau huɗuba a kan kwaɗayin duniya, ya yi nisa, masallaci ya yi tsit, har wasu dattawa sun fara share ido. Liman ya ɗaga murya ya ce, "Ya kai ɗan Adam, ranar da aka ɗauke ka a makara, mene ne zai kira ka ka amsa?"

"Walƙiya, ga ciniki!" in ji hular.

Sahu uku suka juyo. Ɗayyabu ya cafke hular ya cusa a hammata, ta sake faɗa daga can, murya a shaƙe. Wani dattijo da ke gefensa ya kai masa mintsini a cinya, irin wanda ake juyawa. Ɗayyabu ya cije leɓe, ya zura kai cikin hannun babbar riga kamar kaza mai jin sanyi, ya danna amsa a ciki. Da aka sallame, mutane suka yi masa caa a bakin ƙofa.

"Malam, ba ka jin tsoron Allah?"

"Ina ji mana. Shi ya sa ban yi magana ba, rubutawa na yi."

Ya nemi takalminsa ƙafa ɗaya ya rasa. Haka ya koma gida yana ɗingishi, yana nuna wa duk wanda ya gamu da shi barewarsa.

Bayan kwana biyu ya ɗaure buhun dabino a babur zai kai wa wani mai saye a Shuwarin. Yana cikin tafiya hula ta yi kira. Mai hankali zai tsaya a gefen titi. Ɗayyabu ya ce tsayawa ta jakuna ce. Ya zare wayar da hannun hagu, ya fara rubutu da babban yatsa, hannun dama yana riƙe da babur, ido yana kan allo. Titin ya yi kwana, shi bai yi ba. Ya bi ta tsakiyar rumfar wani mai kankana, ya fito ta baya da rufin buhun rumfar a wuya, sannan ya kife a kan tulin. Kankana ta watse tana gangarawa titi, masu Keke Napep suna kauce mata, yara suna bi da gudu.

Mutane suka taru suna salati, don sun ga ja ya wanke masa riga sun ɗauka jini ne. Sai ga hannu ya fito daga cikin kankanar riƙe da waya.

"Na amsa! Ku shaida, na amsa!"

Mai kankana ya ce ya shaida. Ya kwance buhun dabinon daga babur ya ja shi cikin abin da ya rage na rumfarsa, ya zauna a kai, ya ce duk mai ƙarfi ya zo ya tashe shi.

Da ya dawo gida matarsa Larai ta tsaya a tsakar gida da muciya a hannu tana kallonsa. Riga ja, gwiwa a fashe, 'ya'yan kankana a gemu.

"Baban Hamida, yaƙi aka yi?"

"Kasuwanci ne, ba za ki gane ba."

"Ina dabinon?"

"Na ajiye a reshenmu na hanyar Shuwarin."

Larai ta kwashe shimfiɗarta ta koma ɗakin yara, ta ce ita ba za ta iya kwana da hular da ke magana ba. Shi kuwa ya daina kwanciya sam. Sai ya zauna a kan turmi, wai in barci ya ɗauke shi zai faɗo ya farka. Idanunsa suka yi jawur kamar gauta. Ya fara gaida mutum ɗaya sau uku. Ya zuba gishiri a koko ya shanye bai sani ba. Ranar nan aka gan shi yana yi wa tunkiyar Kamilu bayanin bambancin busasshen dabino da mai laushi.

Ana cikin haka aka sa ranar ɗaurin auren Zuhair, ƙanen Larai, a Jahun. Larai ta roƙe shi ya bar wayar a gida.

"Don girman Allah, Baban Hamida. Ka san halin Baffa."

Baffa shi ne mahaifinta, dattijo mai tsare gida, wanda in ya yi tari a zaure har kaji sukan natsu. Ɗayyabu ya yi alkawarin zai kashe ƙarar. Ya kuwa kashe. Ya sha babbar riga, ya kutsa har kusa da liman a ƙofar gidan amarya, ya samu inuwa mai sanyi, ya jingina da bango. Ana fara jawabin wakilai barcin da ya daɗe yana bin sa ya cim masa.

Aka gama maganar sadaki da shaidu. Liman, mutum mai raha, ya dubi dangin ango ya ce, "To, kafin mu shafa fatiha, babu dai wata matsala da kuka ɓoye mana ko?"

"Akwai!"

Kowa ya waiga. Ɗayyabu ne, ido a rufe, baki a sake.

Waliyyin amarya ya matso. "Bawan Allah, akwai me?"

"Akwai manya, akwai ƙanana. Wacce kake so? Akwai ma wadda muka ɓoye a ɗaka, ba kowa muke nuna wa ba."

Dangin amarya suka miƙe gaba ɗaya. Wani kawunta ya ce dama shi tun farko bai yarda da yaron nan ba, tafiyarsa ma wata iri ce. Ango ya fara rantse-rantse yana neman Alƙur'ani. Maroƙi da ya buɗe baki zai yi kirari ya mayar ya rufe. Aka girgiza Ɗayyabu ya farka, ya dubi taron, ya ce, "Wa ya taya?"

Auren da za a ɗaura da hantsi sai bayan la'asar aka ɗaura, bayan an kai ruwa rana, an kuma kawo mutum uku sun shaida cewa surukin gidan dabino yake nufi. Baffa ya taso. Ya nuna shi da sanda ya ce wa samari, "A raka min wannan tasha."

A cikin motar dawowa, yana matse tsakanin buhun albasa da wata mata mai kaji, yana ta latse-latsen waya don kada barci ya sake kunyata shi, sai ya ci karo da wani wuri a manhajar da bai taɓa shiga ba. Ashe mutum zai iya rubuta amsa guda ya ajiye, duk wanda ya turo saƙo wayar ta mayar masa da kanta. Ɗayyabu ya daka ihu har kajin suka firgita.

"Direba, ka san wa ka ɗauko kuwa? Ka ɗauko mutumin da zai yi ciniki yana minshari!"

Nan take dabara ta biyu ta zo masa. Tunda ranar Asabar za a karrama shi, me zai hana masu sayensa su cika ɗakin taron su tafa masa, Hajiya Adawiyya da Kamilu suna kallo? Ya zauna ya tsara amsar da ya ga ta dace da kowace tambaya a duniya:

"Akwai, kuma da araha. Same ni ranar Asabar a ɗakin taron Rumfarka a Dutse, ka karɓa hannu da hannu. Ɗayyabu Walƙiya."

Ya isa gida, ya jefa hular da wayar a kan kwaba, ya faɗi a katifa da takalmi. Larai ta leƙa ta sa yatsa a hancinsa ta tabbatar yana numfashi, ta ja ƙofa. Kwanakin da suka biyo baya, in ya tashi ya ci tuwo ya yi sallah, sai ya leƙa ya ga barewa tana nan, ya koma. Saƙo ko ɗaya bai buɗe ba.

Kamilu ne ya fara lura. Yana jin minshari ta katanga, amma ga barewa a waya tana tsalle. Sai ya tura saƙo rumfar Ɗayyabu: "Malam, akwai hankali?"

Kafin ya ɗauke yatsa amsa ta shigo. Akwai, kuma da araha.

Kamilu ya yi dariya har ya faɗo daga kan keken ɗinki. Ya kai majalisa, majalisa ta kai gari. Masu shayi suka tambayi jirgin sama. Wani ɗan fansho ya tambayi ƙuruciya. Wani ya tambayi wutar lantarkin da ba ta ɗaukewa. Kowa aka ce masa akwai, ya zo Asabar.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Amma labari ya fita gari ya bar dariyar a baya, ya isa ƙauyuka a matsayin cewa akwai wani babban dila a Dutse da ba a rasa komai a wurinsa. Wani manomin rani a Taura ya tambayi injin ban ruwa. Wata uwar amarya ta tambayi gado da katifa. Baffa ma, da ya kira wayar surukinsa ya gaji ba a ɗauka ba, Larai ta ce masa, "Baffa, in kana son ya amsa sai dai ta rumfarsa." Dattijo ya sa aka rubuta masa: "Ɗayyabu, akwai sauran kunya a idonka kuwa?" Aka karanta masa amsa. Ya ce a goge masa babbar rigarsa, yana da tafiya ranar Asabar.

Sannan akwai Jaji, wani makiyayi a gefen Garki, wanda aka kwance wa bajimi daga turke. Farin sa ne mai karyayyen ƙahon hagu, shi ne uban garkensa, tun yana maraƙi yake ba shi dusa da hannu. Jaji ya zaga kasuwanni bai gan shi ba. Da ya ji an ce ɓarayin yanzu ta waya suke sayar da kayan sata, sai ya bi rumfunan manhajar ɗaya bayan ɗaya yana tura tambaya: "Akwai farin bajimi mai karyayyen ƙahon hagu a wurinka?" Masu takalma da masu turare suka ce babu, Allah ya bayyana. Mutum ɗaya ne ya ce akwai, kuma da araha. Jaji ya sa aka maimaita masa kalmar araha. Sannan ya aika a kira masa 'yan'uwansa.

Ranar Asabar ɗakin taron wani otal ya cika har waje. Ɗayyabu ya iso fes, barci ya ishe shi, kumatu sun dawo, ya sha shadda da hular nan tasa. Da ya ga cincirindon mutane da motocin a-kori-kura a bakin ƙofa sai ya dafa kafaɗar Kamilu.

"Ka gani? Duk nawa ne. Kai ko ranar sunanka ba a taru haka ba."

"Naka ne kam," in ji Kamilu. "Ko ɗaya ba zan taya ka ɗauka ba."

Wakiliyar kamfanin, wata mai suna Mu'minatu, ta yi sallama ta gode wa jama'a. Ta ce kafin a shiga koke-koke za ta fara da abin farin ciki. A duk Jigawa, in ji ta, babu wanda ya kama ƙafar mutum ɗaya a saurin amsa. A makon nan ma na'urarsu ta kasa auna tazarar da ke tsakanin tambaya da amsarsa. Ta kira sunansa. Ɗayyabu ya taso yana ɗaga hannu biyu kamar ɗan takara, ya karɓi abin magana tun ba a miƙa masa ba.

"Jama'a, sirrin abu ɗaya ne: sadaukarwa. Ni mai saye ɗan'uwana ne. Kowane saƙo da idona nake karantawa, da zuciyata nake amsawa. Masu cewa a tsayar da agogo, ina ba su shawara su koma sayar da matashin kai."

Mu'minatu ta ce madalla, bari a haska wasu daga cikin amsoshinsa a majigi don na baya su koya. Ita ma ba ta duba su ba. Ta danna, rubutu ya fito a bango ƙato-ƙato, ta fara karantawa da ƙarfi.

"Malam, akwai hanka..." Ta tsaya. Amma ɗaki ya riga ya karanta. Dariya ta tashi kamar rufin zai yaye. Ta yi sauri ta danna na gaba, sai ga jirgin sama. Ta danna, sai ga ƙuruciya. Ta danna, sai ga tambayar kunya.

"Wannan tawa ce," in ji wata murya daga sahun gaba. Baffa ne, ya dogara sanda ya miƙe. "Na zo karɓa hannu da hannu. In da araha a ba ni mudu biyu, ɗaya zan bar maka."

Ɗayyabu ya durƙusa a kan mumbari. "Baffa, barka da... Baffa, ai na'ura ce..."

"Na'ura? Ba yanzu ka ce da zuciyarka kake amsawa ba?" in ji Kamilu daga baya.

Manomin Taura ya kutso. "Malam, ni ba wasa ya kawo ni ba. Na ɗauko mota tun daga gida, tumatirina yana can yana ƙonewa. Ina injin?"

"Ina gadon?" in ji uwar amarya. "Jibi za a kai yarinya!"

"Ku bi layi," Ɗayyabu ya fara ja da baya. "Kaya suna hanya. Kwantena ce ta maƙale a..."

Sai ƙofa ta buɗe. Jaji ya shigo da 'yan'uwansa, kowa da sanda a kafaɗa, ba mai gaggawa a cikinsu. Mutane suka dare. Jaji ya zo har gaban mumbari, ya yi sallama cikin ladabi, ya gaida Baffa, ya gaida Hajiya, sannan ya ɗaga kai.

"Kai ne Walƙiya?"

"Wa... wane Walƙiya? Sunan da yawa a garin nan."

Wani a cikin taron, don mugunta, ya tura saƙo. Ɗayyabu ya manta cewa ya mayar da ƙarar da safe don a ji ta a wurin biki.

"Walƙiya, ga ciniki!" in ji hular.

"Madalla," in ji Jaji. "Ina bajimina? Kuma aradu ka faɗa min wanda ya ce maka mai araha ne."

Ɗayyabu ya dubi ƙofa, sanduna. Ya dubi Baffa, sanda. Sai ya ga taga a bayan mumbari. Ya tattare shadda ya yi tsalle, kai da kafaɗu suka fita, cikin da ya tara a kwanakin barci ya ƙi. Ya maƙale rabi a waje rabi a ciki, ƙafafu suna harbin iska. 'Yan ɗakin suka gane abin yi, kowa ya zaro waya. Hular da ke waje ta shiga kira ba ƙaƙƙautawa, ga ciniki, ga ciniki, ga ciniki, har masu wucewa a titi suka tsaya suna tambaya me ake sayarwa.

Mu'minatu ta zauna a kujera ta rufe fuska da gyale, dariya ta ci ƙarfinta. Hajiya Adawiyya ta taso a hankali ta ɗauki abin maganar da ya faɗi.

"'Yata, ga gwarzonku nan, kin gan shi ta baya. Mako guda ko ƙwayar dabino bai sayar ba, amma shi ne barewa. Mu da muke sayarwa mu kwanta mu tashi, mu ne ƙadangaru. Abin da muka zo faɗa kenan, sai ga shi Allah ya kawo wanda ya faɗa mana da ƙafafu."

Mu'minatu ta share hawaye ta ce ta gani da idonta, kuma ta ɗauka a waya don kada a ce ta ƙara gishiri. Ta ce dama an ba ta ikon gwada sabon tsari a Jigawa in ta ga dalili: kowa ya sa lokacin buɗe rumfarsa da na rufewa, agogo ya tsaya in an rufe, ya tsaya lokacin Juma'a da ranar hutun da mutum ya zaɓa, amsar na'ura kuma ba za a ƙirga ta ba. Ɗaki ya ɗauki tafi. Ƙafafun da ke taga ma suka ɗan tsaya.

"Kun ji ko?" muryar Ɗayyabu ta shigo daga waje. "Ni na samo muku! Dama shirina kenan tun farko!"

Aka jawo shi ta ƙafa, shadda ta tsage har ƙugu. Dattawa suka zauna a kan maganarsa nan take. Manomin Taura da uwar amarya aka ce su bi Larai gida su kwashi dabino gwargwadon wahalar da suka sha. Jaji kuwa, da aka yi masa bayani ya fahimci mutumin nan ko kaza ba zai iya sata ba tare da ya sanar a gari ba, sai ya ce ya yarda ba ɓarawo ba ne.

"Amma ka ce akwai. Mutum ba zai ce min akwai in koma gida hannu sake ba. Gobe kasuwar Gujungu take ci. Muryar nan taka da ta cika gari, za ka hau durom ka yi min cigiya da ita har a tashi."

Ɗayyabu ya dubi Baffa da idon neman ceto. Baffa ya ce, "In ba a gan shi a Gujungu ba, akwai Maigatari."

Haka aka sa shi a bayan a-kori-kura tsakanin sanduna. Washegari tun hantsi yana kan durom a kara, inda ake cinikin shanu, rana tana dukansa, yana ta kwarara cigiyar farin bajimi mai karyayyen ƙaho. Dillalai suka kewaye shi suna tayawa, wani ya ce shi durom ɗin yake so, wani ya ce a haɗa masa da mai cigiyar. Zuwa la'asar muryar ta dishe ta koma kamar ta ɗan tsako. Ana haka wani mahauci ya zo ya ce ya ga irin san nan a wani ƙauye gaba da Taura, an tsince shi an ɗaure a ƙofar mai unguwa. Jaji da 'yan'uwansa suka yi hamdala, suka faɗa mota, suka tafi. Da murna ta yi murna, babu wanda ya tuna da mutumin da ke kan durom.

Kasuwa ta fara watsewa. Ɗayyabu ya lalubi aljihun tsagaggiyar shadda, babu ko na ruwan leda. Ya ciro waya ya tura saƙo zauren ƙungiya: 'yan'uwa, wani ya taimaka ya zo Gujungu da babur. Ya ga alamar mutane sun karanta, ɗaya bayan ɗaya, har Hajiya. Shiru. Ya kira Kamilu, ba a ɗauka ba. Ya tura wa Larai saƙon murya, yana rantsuwa da abin da ya rage masa na maƙogwaro cewa yunwa za ta kashe shi, ta turo ko wane ne.

Ya zauna a gindin durom ya zuba wa wayar ido. Masu shanu suka wuce, masu awaki suka wuce, mai rake ya naɗe buhunsa. Can da rana ta yi ja sai saƙon Larai ya shigo. Ya kara a kunne da sauri. Muryarta a natse, ana jin ƙarar cokali da dariyar yara a bayanta.

"Sannu da ƙoƙari, Baban Hamida. Saƙonka ya iso, mun gode. Sai dai yau Lahadi ce, rumfa a rufe take. Za a duba maganarka gobe in an buɗe."